Ƙara wa Mota Ƙarfi a Yamai Ba Tare da Ƙona Kuɗi da Inji Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu motoci ke yawan kawowa gareji a Yamai, tun daga samarin da suka sayi Golf GTI ko BMW har masu Hilux da Land Cruiser da ke bin hanyar Tawa zuwa Agadas. Yawancin bidiyon da ake kallo a waya an ɗauke su ne a ƙasashe masu sanyi, da mai mai inganci, a kan titi marar ƙura. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, hunturu ya zo da hazonsa, mai kuma wani daga gidan mai, wani daga kwalba. Da wannan yanayin aka auna amsoshin.

Maigida, kuɗina ba su da yawa. Da me zan fara?

Ka fara da dawakin da motar ta riga ta zubar, wato ƙarfin injin da ake aunawa da doki. Motar da ta yi shekara goma sha biyar a Turai ko Amurka, ta hau jirgin ruwa, ta sauka tashar Kwatano ko Lome, sannan ta sha ƙurar nan shekara biyu, da wuya a ce ƙarfin da aka rubuta mata a kamfani yana nan cif. Kafin ka sayi komai na ƙari, a buɗe akwatin filtar iska. Sau da yawa in aka ciro ta aka buga a ƙasa, jar ƙura ce ke tashi har yaron gareji ya kau da kai, in ka ɗaga ta sama kuma ko hasken rana ba ya ratsa ta. Hura ta da iskar kwamfureso da ake yi ba ya mayar da ita sabuwa, wani lokaci ma yaga takardar yake yi. A sa sabuwa.

Daga nan a duba buji, a sa irin lambar da kamfani ya ce. A wanke na'urar da ke auna iska a bayan filta da ruwan wankinta na musamman, kada a goge ta da tsumma. A canza filtar mai, a gwada injekta, a yi juyen baƙin mai. Idan motar mai turbo ce, wato na'urar da ke matsa ƙarin iska cikin inji, a bi robobin iska ɗaya bayan ɗaya. Inda ka ga jiƙar mai ya kama ƙura ya yi baƙi a bakin roba, yawanci nan iska ke zurarewa. Sai babban gwaji, auna matsin kowace silinda. In bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100, injin na buƙatar gyara, kuma duk ƙarfin da aka ƙara masa a haka hanzarta mutuwarsa zai yi.

Mutane da yawa daga nan suke tsayawa, don motar ta riga ta dawo yadda suke so.

A takardar motata an rubuta doki 9, amma a intanet na ga 150. Wanne ne gaskiya?

Duka biyun. Na takarda lissafin haraji ne da inshora, ba ƙarfin inji yake aunawa ba. Na gaske shi ne 150 ɗin. Doki ɗaya a ma'aunin Turai wat 735 ne da ɗoriya, wato kilowat ɗaya ya kai doki 1.36. Ƙarfin kuma abu biyu ne ke haifar da shi: murɗin da inji ke yi, da yawan juyawarsa a minti. A cikin gari, daga danja zuwa danja, murɗin da ke zuwa tun inji bai yi sama ba shi kake ji a bayanka. Babbar lambar doki sai allurar agogon juyin inji ta kusa jan layi take fitowa, kuma ka tambayi kanka sau nawa kake kai ta can tsakanin Wadata da gadar Kennedy.

Me ya sa motata take tashi da asuba, da azahar kuma ta yi nauyi?

Inji iska yake ci fiye da mai. Injin fetur na buƙatar iska kusan kilo 14.7 kafin ya ƙone kilo ɗaya na mai daidai. Iska mai zafi kuwa ba ta da kauri: duk ƙarin digiri 10 yana rage nauyinta da wajen kashi 3 cikin 100. Tsakanin digiri 25 na safe da 45 na rana an yi asarar kusan kashi 6, wato injin doki 200 zai iya rasa goma ko fiye tun ba a taɓa komai ba. Bayan haka kwamfutar inji, in ta ga iska ta yi zafi, takan ja da lokacin kunna wuta baya don ta kare fistin. Ga kuma na'urar sanyaya ɗaki tana cin nata rabon. Shi ya sa a ƙasar nan duk abin da ke sanyaya iska ko inji yana cikin lissafin ƙarfi, ko da masu sayar da kaya ba sa tallarsa da wannan sunan.

Abin da ake kira Stage 1, mene ne shi, kuma ya cancanci kuɗinsa?

Sake rubuta lissafin kwamfutar inji ne ba tare da an canza ƙarfe ko ɗaya ba. Ana ƙara matsin turbo, a daidaita yawan mai da lokacin kunna wuta. A motar da ta fito da turbo daga kamfani, babu wani gyara da ke ba da doki mai yawa a kan kuɗi kaɗan kamar wannan. Abin da aka saba gani ƙarin kashi 15 zuwa 25 ne cikin 100. Dalili shi ne kamfanoni na barin rata da gangan, saboda mota ɗaya za a sayar a ƙasashe masu bambancin mai da yanayi, ga garanti, ga dokar hayaƙi. Dubi injin 1.9 TDI na Volkswagen, an sayar da shi da doki 90, da 110, da 130, da 150. Injin 1.8T da ke Golf 4 GTI da doki 150 ya fito a Audi TT da 180 da kuma 225. Sai dai a lura, manyan lambobin ba lissafi kaɗai ya kawo su ba, an canza musu turbo da injekta da wasu kayan ciki. Wanda ya ce zai kai maka ƙaramin zuwa lambar babban da kwamfuta zalla, ka ɗauki makullinka.

A injin da ba shi da turbo, irin na Corolla ko Camry V6, ribar ƴar kaɗan ce, don ba yadda kwamfuta za ta tura iskar da inji bai shaƙa da kansa ba. A nan kuɗin bai cika biyan kansa ba.

Matsalar a wurinmu ita ce wane ne zai yi aikin. Akwai masu saukar da fayil daga intanet su ɗora wa kowace mota mai irin sunan, ba gwaji, ba aune. Fayil ɗin an rubuta shi ne don man oktan 98 (oktan shi ne ma'aunin yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba) da iskar digiri 15. Ratar nan da kamfani ya bari, wadda mai fayil ya cinye duka, ita ce ke tsare injinka ranar da ka sha mai marar kyau a hanya ana tsakiyar bazara. Don haka ga abin da za ka nema: a adana maka ainihin fayil ɗin motarka a ba ka a hannu, a hau titi da kwamfuta a jone a duba matsin turbo, zafin iskar da ke shiga, da ko inji na ja da wuta baya, a rubuta lissafin a kan man da kake sha kullum. In ana iya samun doki 50, ka karɓi 30 ka bar sauran. Araha ba ta ado, mai aikin da ya fi kowa sauƙin kuɗi yawanci shi ne wanda ba ya yin ko ɗaya cikin waɗannan.

To batun mai fa? Man kwalba zai iya?

A injin da aka ƙara wa matsi, a'a. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 ƙasar na da man da take tacewa, kuma gidan mai da ke da ciniki sosai shi ne ya fi dacewa da irin wannan mota. Man kwalba ba mai ba ka tabbacin oktan ɗinsa, ya sha rana, ya bi jarka da mazurari, wani lokaci da ruwa ko gauraye. Idan oktan ya gaza, mai na fashewa da kansa a cikin silinda kafin wutar buji ta gama bin sa. Za ka ji wata ƴar ƙara in ka taka totur a babbar giya, kamar ana kaɗa ƙananan ƙusoshi cikin gwangwanin madara. Da ka ji ta ka ɗaga ƙafa. Wannan ƙarar ce ke farfasa bakin fistin da ƙona gaskit.

Mai yawan tafiya, Yamai zuwa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, a karkata Tsarnawa a nufi Tawa, tafiyar da ta haura kilomita 500, shi ya fi kowa buƙatar lissafi mai sassauci, don ba kullum zai zaɓi inda zai sha mai ba.

Filtar nan mai siffar mazurari, ja ko shuɗiya, tana ƙara doki?

Ƙara take ƙarawa, wadda kunne ke ji. In aka cire akwatin kamfani aka bar ta a buɗe a gefen inji, iskar da ta ratso lagireto take shaƙa, wadda ta fi ta waje zafi nesa ba kusa ba. Akwatin kamfani kuwa daga gaba yake jawo iska. Sau da yawa sai a biya kuɗi a rage ƙarfi. Sannan irin waɗannan filtoci na auduga da ake shafa wa mai sun fi ta takarda barin ƙura mai laushi ta wuce, man kuma yakan ɓata na'urar auna iska. Ƙurar hunturu in ta shiga, zoben fistin da fukafukan turbo take ci a hankali. A Yamai filtar takarda mai kyau, a riƙa canza ta da wuri, ita ce zaɓin mai hankali. Masu shiga daji da Land Cruiser, bututun nan da ke hawa gefen gilashi yana da amfani don yana ɗebo iska sama da ƙurar tayoyi, amma ba doki yake bayarwa ba.

A faɗaɗa salansa, a cire katalizar?

A injin turbo da aka riga aka sake wa lissafi, bututu mai ɗan faɗi daga bayan turbo yana taimakawa, hayaƙi ya fita da sauƙi, zafi ya ragu. A injin da ba turbo, canza tukunyar baya kaɗai ba ya kawo komai sai damun maƙwabta. In ma an zarce da faɗin, motar takan yi sanyin tashi.

Katalizar kuwa, wato tukunyar da ke cikin salansa mai rage gubar hayaƙi, in lafiyarta ƙalau, abin da take tarewa kaɗan ne. Ana yawan ba mutane shawarar a fasa ta, kuma yana da kyau ka san a cikinta akwai ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, masu saye kuma suna nan. Ba kowace shawara ce don motarka ake ba ka ba. In aka cire ta, fitilar inji za ta kunnu ta zauna, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka sani ba, hayaƙin kuma masu kabu-kabu da ƴan makaranta da ke bayanka a danja ne za su shaƙa. Idan ta toshe da gaske, akwai gwajin matsi da ke nunawa, sai a musanya ta.

Ina da ɗan abin da ya rage bayan Stage 1. Ina zan sa shi?

A sanyaya. Iskar da turbo ya matsa tana fitowa da zafin da ya wuce digiri 100, kuma aikin intakula ne ya sauke ta kafin ta shiga inji. Injin Hilux 2.5 D-4D misali ne a fili: wanda ba shi da intakula doki 102 ne, mai intakula 120. Intakula mafi girma, a gaba inda iska ke bugawa, ba lalle ta ɗaga babbar lambar sosai ba, amma ita ce ke sa ƙarfin da ka samu da safe ya kai la'asar.

Kafin ma ka saya, ka leƙa tsakanin lagireto da ragar na'urar sanyaya ɗaki da ke gabansa. Za ka tarar da ƙura ta daskare da fukafukan fari da ciyawa da guntun leda. Wanke wannan da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba, kusan kyauta ne. A daina zuba ruwan famfo ko na rijiya zalla, yana barin farar ƙasa da tsatsa a cikin ƙananan bututu. A sa ruwan sanyaya inji na gaske, a duba murfin lagireto, don matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100.

Sai al'adar nan ta cire tamostat, ƴar na'urar da ke tsare ruwa daga zuwa lagireto har inji ya ɗumi, da zarar mota ta iso, wai ta ƙasar sanyi ce. Kuskure ne da ya zama jiki. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90. In ba tamostat, da safe da lokacin sanyi zai daɗe bai kai ba, kwamfuta ta yi ta ƙara mai, mai ya wanke bangon silinda. In mota na zafi, a nemi dalili a lagireto, fanka ko famfon ruwa.

Zan iya ɗora turbo a injin da bai zo da shi ba?

Ana yi, amma ya fita daga sahun masu sauƙin kuɗi. Turbo ɗin kansa, ko na hannu ka samo a wurin masu kayan gyara a nan ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, shi ne ƙaramin kashi. Akwai bakin salansa da za a ƙera, bututun baƙin mai shiga da fita, intakula, manyan injekta, famfon mai, kwamfutar da za ta iya lissafin, da kuloci. Injin fetur marar turbo kuma matsin silindarsa ya riga ya yi sama, yawanci wajen 10 bisa 1, ga zafi ga mai. In ka tara jikunan da za su tafi, sayar da motar ka cika ka sayi wadda ta fito da turbo ya fi sauƙi.

Masu Land Cruiser mai injin 1HZ, lita 4.2 na gazuwal mai doki wajen 130, su suka fi yin wannan tambayar, don injin ba ya mutuwa amma ba ya sauri. Ana ɗora masa turbo ya zauna lafiya idan matsin kaɗan ne, da intakula, da agogon auna zafin hayaƙi a gaban direba. Masu aikin da yawa sun ɗauki digiri 700 zuwa 750 a matsayin iyaka in an auna kafin turbo. Abin da ke kashe shi murɗe famfon gazuwal har ya riƙa tuƙa baƙin hayaƙi. Kan inji ya tsage, fistin ya narke a cikin yashi da lodi. Toyota da kanta da ta so turbo a wannan girman, wani inji daban ta ƙera, 1HD-T, mai fesa mai kai tsaye cikin silinda.

Ƙananan na'urorin da ake talla, fankar lantarki a bututun iska, maganaɗisu a bututun mai, ɗan akwatin da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari?

Ka riƙe kuɗinka. Injin lita 2 a juyi 6,000 yana shaƙar iska kusan lita 100 a daƙiƙa ɗaya. Ƴar fankar roba tare masa hanya kawai za ta yi. Na'urar da ake haɗawa da totur kuwa tana sa mota ta zabura da ɗan taki, amma in ka take har ƙasa ƙarfin na jiya ne.

Manyan tayoyi da rim fa?

Kyau ne, da kuɗinsa. Rim mai nauyi da taya mai tsayi suna sa mota ta yi jinkirin tashi, kuma taya mai siririn gefe ba ta jimirin ramuka. Rage nauyi shi ne gyaran da ba a biya. Motar kilo 1,400 mai doki 140, kowane doki na jan kilo 10. Ka sauke kilo 50 na tarkacen but da ƙarfen saman mota da ba ka amfani da shi, daidai yake da ƙarin doki biyar wajen tashi. Tayar safaya dai a bar ta inda take.

Yaya zan san an ƙara ƙarfin da gaske, ba kunnena ke ruɗina ba?

In da injin gwaji mai nadi da ake ɗora mota a kai, shi ne alƙali, a auna kafin aiki da bayansa a wuri ɗaya. In babu, waya mai GPS ta isa: hanya miƙaƙƙiya marar jama'a a wajen gari, giya ɗaya, a auna daƙiƙun da mota ke ɗauka daga gudun 60 zuwa 100, zuwa da dawowa, a lokaci ɗaya na yini, wani na riƙe da wayar. Ka kuma sayi ƴar na'urar OBD irin ELM327, wadda ake sokawa a soket ɗin motar ta karanto bayanan kwamfutar inji. Motocin Amurka tun 1996 suna da wannan soket, na Turai masu fetur tun 2001, masu gazuwal tun 2004. Za ta nuna maka zafin iska, zafin ruwa, da gyaran da kwamfuta ke yi wa yawan mai. In wannan gyaran ya zauna sama da kashi 10, akwai abin da ke yoyo ko ya gaji.

Me kuma zai sha wahala bayan an ƙara ƙarfi?

Kuloci ne kan fara kuka: ka taka a giya ta huɗu, allura ta hau, mota ba ta bi ba. Giya mai sarrafa kanta na son sabon mai, wani lokaci da ƙarin abin sanyaya shi. Baƙin mai ya zama mai inganci irin wanda littafin motar ya ce, a kuma rage tazarar juye, don kamfanoni da kansu suna sa ƙura da zafi cikin yanayi mai tsanani. Bayan doguwar tafiya a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, turbo ya huce.

Birki kuwa ba a jinkirta shi. Daga gudun 100 zuwa 140, aikin da birki zai yi ya kusa ninkawa biyu, hanyoyinmu kuma da shanu da amalanke da tudun rage gudu a bakin kowane ƙauye. Man birki na shan ruwa daga iska, a canza shi duk shekara biyu. A jikin taya akwai harafin iyakar gudu, T 190, H 210, V 240, da lambobi huɗu na mako da shekarar ƙira. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tsohuwar tayar hannu a kan kwalta mai zafin azahar ta fi kowane turbo haɗari.

Za ta ƙara shan mai?

In ka yi amfani da dawakin, ƙwarai. In ka tuƙa yadda ka saba, bambancin kaɗan ne.

Alhaji, takardu da inshora fa, da ranar da zan sayar?

Inshora an ƙulla ta ne a kan motar da ka bayyana. Idan ka sauya inji gaba ɗaya ko ka ɗora turbo, ka sanar da kamfanin inshorarka a rubuce, ka kuma je a daidaita takardar mota kafin ranar duba lafiyarta ko ranar da aka yi hatsari. Wajen sayarwa kuma, mai saye a Yamai in ya ji salansa na ruri, ya ga filta a buɗe, farashi yake ragewa, don ya san an sha gudu da ita. Ka ajiye akwatin iska na asali, da salansar, da fayil ɗin kwamfuta a filashi, tare da rasit na kowane aiki da kilomitar da aka yi shi. Mayar da su aikin yini ɗaya ne a gareji, kuma ka faɗa wa mai sayen abin da aka taɓa yi wa injin.